Rumbun Inna Daga Sama

Tun da na dawo daga Yamai ba a bar ni na sha hura da daɗin rai ba. In na zauna teburin Ladan mai shayi, tambaya. In na fito masallaci, tambaya. Har wurin zaman makoki wani ya matso ya raɗa mini, "Nomau, wai da gaske daga sama ana ganin mutum yana wanka?" To na gaji. Za ni rubuta labarin sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba, a ƙyale ni in huta.

Mu mutanen Tungar Gawo ne, can bayan Gatawa. Damina uku ke nan da 'yan bindiga sunka tashe mu, munka dawo Sabon Birni muna zaune cikin wani kango na aro. Ranar da abin ya faru ina kasuwar Bafarawa, sai a hanya na gamu da mutanenmu suna tafe a ƙasa. Inna, mahaifiyata, ba ta tsaya ɗaukar tufa ko tukunya ba. Tulun irin gero ta rungumo, irin da ta gada wurin uwar mijinta, wanda ba a taɓa sayen kamarsa a kasuwa ba. Duk shekara in damina ta matso sai ta zauna ƙarƙashin 'yar rumfar tamfol da ke tsakar kangon, ta ƙirga ƙwaya goma, ta naɗe su cikin jiƙaƙƙen tsumma, ta jira kwana uku. Shekarar farko tara sunka tsira. Bana huɗu. Kowa a gidan ya san in ba a shuka irin nan bana ba, ya mutu ke nan. Na ce mata mu roƙi ɗan fili nan kusa. Ta ce iri bai san ƙasar aro ba.

Ana nan sai takarda ta zo wa ƙungiyarmu ta manoma. Wai wani sabon kamfani na wasu samari daga ƙasashen waje za su harba taurarin ɗan adam da yawa, su riƙa nuna duniya gaba ɗaya kai tsaye, dare da rana, kamar yadda ake kallon ƙwallo a gidan kallo. Za su yi taro a Yamai, suna son manoman bakin iyaka su zo su faɗi ra'ayinsu. Anka zaɓe ni don ni ke da katin shaida da bai jiƙe ba, kuma na iya boko. Anka haɗa ni da Malam Sama'ila, mai makarantar allo ta unguwarmu, don ya ce yana da tambaya ta addini wadda ba zai ba kowa saƙonta ba.

Kafin mu tashi, gari ya watse a ƙofar kangonmu. Wannan akuyarsa ta ɓace, in duba mishi. Waccan mijinta ya tafi Agadas shekara shida, in duba mata ko da gaske shi kaɗai yake. Ladan ya ce in duba wanda ke shanye mishi madara in ya tafi salla. Duk na rubuta a littafi. Inna ce ta ƙarshe. Ta ce, "Ni abu guda. Ka duba min rumbuna. In yana tsaye, in da mutane garin, za ni gida in yi shuka."

Ɗan Tani mai kabu-kabu ne ya ɗauke mu, mu biyu a babur ɗaya, ta hanyar daji. Malam a tsakiya da buta, ni a baya kan ƙarfe. Sau uku yashi ya kayar da mu, kuma duk faɗuwa Malam sai ya fara duba buta kafin ya tambayi lafiyata. Da hantsi munka iso wani shinge: igiya ɗaya, ganga biyu, da jandarmomi zaune ƙarƙashin itacen bedi. Nan ne iyaka. Gero iri ɗaya hagu da dama, Hausa iri ɗaya, har tsagen fuskar jandarman na Gobirawa ne kamar nawa, amma sai da ya ce mini "mushe", wato malam da Faransanci, ya karɓi katina yana juya shi kamar bai taɓa ganin Bagobiri ba.

Ya ce, "Ina za ku?"

Da na san abin da zai biyo baya da na toshe bakin Malam. Ya gyara rawani ya ce, "Yamai za mu, wurin masu harbin tauraro."

Jandarman ya miƙe tsaye. "Harbin mi?"

"Tauraro. Da yawa ma za su harbe."

Jama'a, takarda cewa ta yi za a harba, ba za a harbi ba. Amma a ƙasar da kowa ke kwana da ƙarar bindiga a kunne, wa zai tsaya bambanta wasali? Nan take anka sauke mu, anka kwance buhuna, anka zazzage butar Malam. Anka kira babbansu, wani dogo mai furfura. Ya ce wace irin bindiga ce ke kai wa sama, kuma wa ya sayar musu? Na rantse, na fito da takarda, na kwatanta da hannu cewa jefa shi za a yi sama ya zauna can yana kallo, ba kashe shi za a yi ba. Awa biyu muna zaune a rana. Da ya gane, sai ya ja ni gefe ya rage murya. Wai yana da zabi goma sha biyu a barikin, kullum suna raguwa, kuma yana zargin na ƙasa da shi. In na je in duba mishi. Na buɗe littafi na rubuta, ya sara mini, anka sauke igiya.

A Maraɗi munka kwana gidan wani ɗalibin Malam, da asuba munka shiga babbar mota wadda su ke kira kar. Abin da ya ba ni mamaki, sun ce ƙarfe shida, kuma ƙarfe shida ta tashi, da kujeru biyu babu kowa! Malam ya ce wannan almubazzaranci ne. A tasharmu mota ba ta motsi sai an ɗora mutum kan cinyar mutum. A hanya anka sayo mana burodinsu, dogo, busasshe, ka ce sandar makiyayi. Malam ya gwada haƙori ɗaya ya ji, sai ya sa shi ƙarƙashin hammata, haka ya riƙe shi har Yamai. Munka wuce Ƙonni, munka wuce Dogon Dutsi, munka wuce Dosso, kowane shinge in anka tambaya ina za mu, ni ke amsawa da sauri: "Taro!" Malam kuwa na ce ya ja tasbaha ya yi shiru.

Masaukin da anka ba mu otal ne mai hawa biyar. Ba mabuɗi, wani kati ne ake nuna ma ƙofa ta buɗe. Malam ya yi mata sallama sau uku kafin ya yarda ya nuna katin. Ɗakin sanyi kamar cikin randa, munka rasa inda ake kashe shi, sai munka buɗe taga don zafi ya shigo. A wurin cin abinci kuwa an jera kwanoni sun fi ashirin, kowa ya ɗiba da kansa, ba mai ce maka bisimilla, ba mai ce maka ƙara. Akwai wani kwano cike da ɗanyen ganye, ba ƙuli, ba gishiri, Turawa na ta ɗiba suna murna. Na ce wa Malam a gida ko akuya sai an yayyafa mata dusa. Munka nemi hura, anka kawo mana wani abu fari a ɗan gwangwani da cokali kamar na ba jariri magani. Na sha shida ban san na sha komi ba.

Da safe anka shiga taro. Na zata mai kamfanin da zai rufe sama da taurari zai fito da babbar riga, ko aƙalla kwat. Sai ga wani siriri da gajeren wando da 'yar shara, da takalmin roba, gashi kamar an tashe shi daga barci. Malam ya raɗa mini, "Wanga ko ɗan aike ne?" Anka ce shi ne shugaba. Mai yi mana tafinta wata Bakanuwa ce, Malama Zainabu, mace mai kirki da fara'a, sai dai duk lokacin da munka ce "munka" sai ta rufe baki da mayafi tana dariya.

Shugaba ya yi ta magana yana yawo, Malama na juyawa. Za mu harba. Za mu nuna. Za ku ga gobara tun tana ƙarama. Za ku ga ɓarawon shanu yana kora. Za mu kawo ƙarshen ɓoyo a duniya. A bango an haska wani birni, motoci na tafiya ƙanana kamar tururuwa. Na lura Malam na jan tasbaha da sauri, na ce a raina tsoron Allah ya kama shi. Ashe "za mu" yake ƙirgawa. Ya ce mini tasbahar ta ƙare ya sake zagayowa.

Da anka ba da damar tambaya, ya miƙe ya yi salati, ya ce, "Malama, ki gaya mishi. Mu katanga muke yi, da danga, da zana. Duk tsarinmu na gefe na, don ba mu taɓa tsammanin baƙo ta sama ba. Tsakar gida ba rufi, makewayi ba rufi. Iyalinmu hwa?"

Shugaba ya yi dariya ya ce kada a damu, daga can mutum ɗigo ne kawai, ba a gane fuska. Malam ya ce, "Ɗigon matar wani ma ai matar wani ta." Zaure ya ɗauki dariya, amma shi bai yi ba, kuma bai zauna ba. Ya ce, "Saura guda. Wa za ya gani?" Anka ce duk wanda ya yi rajista a wayarsa. Malam ya ce, "To mutanen daji sun fi mu waya, sun fi mu caji. Mu da dabara muke zuwa gona, ta hanyar da ba su sani ba. In sun ga hanyar hwa?" Malama ta juya, shugaba ya sosa kai, ya ce tambaya ce mai kyau ƙwarai, za su duba. Malam ya ja ƙwaya ɗaya ya zauna.

Ni dai ba wannan ya kawo ni ba. Da anka tashi shan shayi na je wurin Malama Zainabu da littafina, na ce ina son ganin garinmu. Ta buɗe kwamfuta ta rubuta Tungar Gawo, babu. Ta ce garin ba ya cikin taswira. Na ce garin da anka haifi kakana? Na ce ta nemo Gatawa, ta samu. Na sa yatsa na bi hanyar da ƙafata ta sani: rafi, fadama, tsohuwar rijiya, kwanar da babur ke kayar da mutane. Tana jan hoton ina cewa gaba, gaba, hagu kaɗan. Sai ga gawo.

Wallahi gawon garinmu ne. Ga garinmu kwance, ɗaki-ɗaki, ko jinka ɗaya ba ta ƙone ba. Ga garken shanu a bayan gari. Ga gonaki kore shar. Ga gidanmu, ga rumbun Inna tsaye, da shuɗin tamfol ɗin da marigayi Baba ya ɗaura mishi shekarar da ya fara yoyo. Ga wani ɗigo baƙi kusa da shi, jaki. Ga wani ɗigo fari a bakin inuwar gawo. Malama na cewa, "Ka ga, haka za ku riƙa gani kai tsaye," ni kuwa "kai tsaye" kawai kunnena ya ɗauka. Na ce mutane sun koma! Wasu sun riga mu, har sun yi shuka! Ban tsaya tunanin cewa ruwan fari ma bai sauka ba, ina gonaki za su samu kore. Mai murna ba ya lissafi, ni dai ban yi ba.

Layina na gida ba ya aiki a can, sai na ari wayarta na fita waje na kira Ladan mai shayi. Ikon Allah, ta shiga. Na ce ya ruga ya kai wa Inna. Na ji numfashinta, na ce, "Inna, na gani da idona! Rumbu na tsaye, har tamfol ɗin Baba na kai! Ga jaki, ga shanu, ga mutum zaune gindin gawo! Ku shirya!" Ta ce, "Tamfol?" Na ce, "Shuɗi, Inna!" Ta ce, "To, Allah shi maido ka lahiya." Bayanta ina jin Ladan yana shela, mata na guɗa. Ranar har ɗanyen ganyen nan na ci, na ce yana da daɗi.

Washegari da hantsi anka ce za a ɗauke mu a bidiyo, kowa ya faɗi yadda tauraro zai taimake shi, don a nuna wa masu zuba jari. Na gyara hula na tsaya gaban kyamara. Na ce ina godiya, jiya tauraronsu ya nuna mini mutanenmu sun koma gida, kuma na riga na aika a shirya komawa. Malama Zainabu ta fara juyawa, sai ta tsaya a tsakiya. Na ga fuskarta ta canza.

Ta ce, "Malam Nomau, wa ka aika wa?"

Na ce, "Gari duka."

Ta ce, "Innalillahi. Hoton jiya tsoho ne, na wasu ne daban, kowa na iya buɗe shi. Ya kai shekara huɗu ko biyar. Misali na nuna maka. Namu tauraron ba a ƙera shi ba tukuna."

Na ce, "Ko guda?"

"Ko guda."

"To motocin da ke tafiya a bango?"

"Zane ne na kwamfuta."

Ban san sanda na zauna a ƙasa ba. Na tura tsohuwa da mata da yara cikin dajin da ko soja ba ya shiga sai da rakiya, da bakina, da muryar murna. Malama ta danna lambar Ladan, ba ta shiga. Ta sake, ba ta shiga. Ku kun san sabis ɗin garinmu, yana zuwa ne kamar baƙon da bai yi alkawari ba. Munka gwada lamba bakwai, ko ɗaya. Shugaba ya zo da gajeren wandonsa yana ba da haƙuri, ya miƙo mini riga da hula masu hoton tauraro. Malam ya karɓa a madadina, don bai san inda hannuna zai sauka ba. Ita Malama kuka take. Kafin mu fita ta rugo da takarda, ta buga mini hoton, na ninke na sa cikin hula ban ko duba ba.

Hanyar dawowa ba ni da labarinta. Ban ga Dosso ba, ban ga Ƙonni ba. Motar da na yaba wa saurin tashi sai na ga kamar jaki ke janta. A shingen iyaka dogon jandarma ya tare ni da murna yana tambayar zabinsa, na ce, "Mushe, ɗigo ne, ba a gane fuska." Ya ce dama ya sani, na ƙasa da shi sun iya ɓoyo. Ɗan Tani ya kayar da mu sau biyu, Malam bai duba buta ba ko sau ɗaya.

Da la'asar ta kwana na biyu munka shigo Sabon Birni. A bakin unguwa na ga kaya ɗaure jingine da katanga, tabarmi, tukwane, amalanke biyu, amma mutane na zaune. Ladan ya taso ya ce, "Kai dai Allah ya so ka. Jiya da sahe mun ɗaure kaya, mun yi cinikin mota, tsohuwarka ta fito ta zauna tsakiyar hanya ta ce ba mai tahiya. Ta ce ɗanta ya ga gari, amma ba na bana ba. Mun yi mun yi ta faɗi dalili, ta ce sai ka zo."

Na shiga kango. Tana zaune inda ta saba, tulun iri a gefenta. Na durƙusa gabanta. Ta ce, "Sannu da hanya. Ɗaga kanka."

Na ɗaga. Shuɗin tamfol, ya koɗe, da ɗinkin Baba na zaren buhu a kusurwa. Damina uku ina shan hura ƙarƙashinsa.

Ta ce, "Da shi na naɗe tulun ran da munka gudo. Kai kana kasuwa. Da kac ce yana kan rumbu, na san ba yau kag gani ba."

Na ce, "Inna, ki gafarce ni. Babu tauraron. Za su yi ne."

Ta ce, "Kowa ma za ya yi." Sai ta miƙo hannu. "Ba su ba ka komi ba?"

Na ciro takardar daga hula, ta jiƙe da zufa. Ta riƙe ta a juye, na gyara mata. Ta daɗe tana bi da yatsa, tana kiran sunan kowane gida da mai shi, waɗanda ke raye da waɗanda ba su. Ta taɓa rumbu, ta taɓa jaki. Sai yatsan ya tsaya kan farin ɗigon nan na bakin inuwar gawo.

Ta ce, "Da wane lokaci anka ɗauka?"

Na ce, "Ga inuwa, hantsi ne."

Ta ce, "Hantsi, gindin gawo, farar riga. Igiya yake tukka. Sun ce ba a gane mutum?"

Na ce haka sunka ce. Ta ce, "Su ne ba su gane ba. Babanka na."

Na yi kuka, ba ni jin kunyar faɗi, ina da shekara arba'in da biyar da 'ya'ya shida. Ita ba ta yi ba. Ta ninke takardar ta sa a bakin zane, ta jawo tulun ta buɗe, ta ce in samo mata fartanya. Ran da ruwan fari ya sauka, ta bi gindin katangar kangon nan na aro ta shuka irin, rami ashirin da ɗaya, iyakar inda fili ya kai.

To masu tambaya, kun ji. Akuya ban gani ba, na Agadas ban gani ba, mai shan madarar Ladan kuwa ba sai an je sama ba, kowa ya san shi. Wanka kuma ku yi abinku, har yanzu ba mai kallo sai wanda ya saba. In kuna son ganin abin da na kawo daga Yamai, ku zo kangonmu da hantsi, ku yi sallama. Rami tara sun tsira, kuma in Inna ta ga dama za ta kwance bakin zane ta nuna muku Baba.